Makara a Ƙofar Ganuwa Mai Juyi

Tun da aka kewaye garinmu da ganuwar ƙarfe mai juyi, wadda ke tara mana wutar rana, sai Juma'a ake tsayar da ita a fita. Maƙabarta kuwa tana waje.

Baba ya rasu ran Talata da hantsi. Muka yi masa sutura, muka ɗauko makara.

Na ce wa mai gadin ƙofa, "Malam Tanimu, dubi Allah ka tsayar da ita."

Ya sunkuyar da kai. "Ilu, in na tsayar ba shiri, wutar asibiti za ta ɗauke. Bakwaini huɗu ne a kwalba, har da ɗanka."

Iskar ganuwa tana kaɗa bakin likkafani. Aka rasa mai cewa a koma. Muka tsaya cikin rana, muna sauya kafaɗa.