Sarki Ubaru da Hantar Rago

An kwantar da ragon safiya a gaban gunkin Shamash, ubangijin rana. Mushallim mai duba ya farke cikinsa, ya zaro hantar tana tururi, ya juya ta gaba da baya, sannan ya girgiza kai. Yau ma rundunar ba za ta fita ba.

Sarki Ubaru ya sa hannu ya gyara hular sarauta, wadda ke zamo masa har gira duk da tsumman da aka cusa a cikinta. Tun da mutanen duwatsu suka yi wa Til-Zaba ƙawanya, da wannan girgiza kan yake karya kumallo. Til-Zaba ƙaramin gari ne can gabas, ba shi da komai sai dabino da ganuwar laka. Amma a cikinsa 'yarsa Nupta take, ɗauke da cikin fari.

Mu mutanen bakin kogin Dijla ba ma ɗaga mashi sai alloli sun ce to, kuma a wannan shekarar sun ƙi cewa. Wata ya yi husufi a farkon bazara, masu duba suka ce Sin, ubangijin wata, ya nemi ran wanda ke kan karaga. Rundunar da ta fita da sunan sarkin da mutuwa ke bi, ita ma mutuwar za ta bi ta. Shi ya sa ƙarti majiya ƙarfi suka tare a bakin kogi, suna caca da ƙashin tumaki suna ɗirkar giyar sha'ir, alhali Til-Zaba na ramewa.

A fada kuwa ba a rage Ubaru da komai ba. Naman agwagwa, man shafawa mai ƙamshi, mawaƙa safe da yamma. Fita ce kawai aka hana shi, wai don tsaron lafiyarsa. Kullum sai ya kira Tukulti sarkin yaƙi ya umarce shi ya tafi gabas. Kullum Tukulti sai ya faɗi ya sa goshi a ƙasa, ya ce an ji, ya tashi ya fice ta ƙofar lambu.

A lambun akwai wani mutum da kowa ke kira Manomi. Ubaru bai taɓa ganin malalacin manomi irinsa ba. Hannu kamar na amarya, fartanya jingine da bango, shi kuma yana inuwa yana cin ɓaure, manyan fada sun tsuguna a gefensa kamar marasa aikin yi. Wata rana haushi ya ishi Ubaru, ya leƙa ta taga.

"Kai Manomi, fartanyar nan ta yi maka wani laifi ne?"

"Ranka ya daɗe, bana hutu nake," in ji mutumin, yana murmushi.

Dogarai ba su yi dariya ba.

Ana nan sai ga wani da ya sulale daga Til-Zaba ta magudanar ruwa, fata manne da ƙashi. Ya ce an cinye jakuna, yanzu fatar takalmi ake dafawa. Abokan gaba sun tara tudun ƙasa ya kusa kai bakin ganuwa, kuma sun yi wa gunkinsu alkawarin duk mai numfashi a garin. Ubaru ya tambaye shi Nupta. Mutumin ya ce ta haihu, namiji, amma nono ya ƙafe. Yana faɗa yana ƙura wa sarki ido, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, dogarai suka yi waje da shi.

Ranar Ubaru bai taɓa abinci ba. Ya yi kuka a gaban bayi, bai ji kunya ba. Ga karaga, ga sanda, ga runduna da yake jin hayaniyarta daga inda yake zaune, amma ko jaki ɗaya ya kasa turawa. Ya sa aka kira Mushallim, ya tambaye shi me ake jira takamaimai. Mushallim ya ce ɗayan biyu: ko wa'adin husufi ya cika bayan girbi, ko Sin ya karɓi abin da ya nema.

"Bayan girbi babu kowa a Til-Zaba. Idan ya karɓa yau fa, Baba?"

"Gobe da hantsi za ka... za a ji ganguna."

Ubaru ya sa shi ya rantse, ya rantse da Shamash cewa runduna za ta fita. Bai tambayi inda za ta nufa ba, don a ransa gari ɗaya ne ya rage a duniya. Aka kawo ƙoƙon guba da rana tsaka. Ba a daɗe ana nemansa ba, da ma an tanade shi. Ya kira sunan Nupta, ya shanye.

An yi masa jana'iza ta alfarma. Mata suka yi kururuwa, aka ƙone karagarsa da teburinsa da sandarsa. Ragon washegari ya ba da hanta lafiyayya, ganguna suka tashi a bakin kogi.

Da hantsi Manomi ya yi wanka, aka gyara masa gemu, ya shigo zaure. Aka zare tsumman da ke cikin hular sarauta, ta zauna masa a ka cif. Tukulti ya faɗi ya tambayi inda za a dosa, Manomi ya ce kudu mana, kamar yadda ya tsara kafin husufi ya ɓata masa lokaci. Har ya zauna a sabuwar karaga, sai ya waiwayi Mushallim.

"Af, mai hawan dabinon nan da kuka ɗora a karaga ya mutu a madadina, wane gari ne ma yake ta kira?"