Manomin Da Ya Auna Taraktarsa Da Igiya

Akwai wani manomin rani a wani ƙauye na bakin fadama, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana noman tumatir da albasa kafin Allah ya hore masa 'yar ƙaramar tarakta. Ba sabuwa ba ce, amma ya san halinta kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa, daga kukan injin kaɗai yake gane ta gaji. Wata shekara damina ta cinye hanyar da ta tashi daga fadama zuwa bakin titi, ta bar ta duk ramuka da kwari. Tumatir ya fara nuna, direbobin manyan motoci kuwa suka ce ba mai kai motarsa ta karye a can. Sai manomin nan da maƙwabcinsa, wanda shi ma yake da tarakta irin tasa sak, suka tafi birni wurin wani mai walda neman ƙarfen baje ƙasa. Wani abu ne kamar akwati marar gindi da ake ɗaura wa tarakta a baya, haƙoransa su farfasa tudu, bakinsa ya kwashi ƙasar ya zube ta a rami. Maƙwabcin yana shiga ya ɗora hannu a kan mafi faɗi, wai wucewa biyu ya gama da hanya. Shi kuwa manomin sai ya zaro igiya daga aljihu, wadda ya auna faɗin tayoyin baya da ita tun daga gida. Ya gwada ƙaramin ƙarfe, ya ga bai kai ba, zai riƙa barin sawun taya a gefe. Ya gwada babban, ya ga ya zarce da kamu guda kowane ɓangare. Sai ya tsaya a kan na tsakiya, wanda ya rufe tayoyin da ɗan rarar tafin hannu. Mai walda ya ce masa, "Malam, ga babba a gabanka, ka tsaya kan wannan?" Manomin ya ce, "Ai ba ni zan ja shi ba, ita za ta ja."

Da suka dawo ƙauye, jama'a suka kewaye babban ƙarfen suna yabo, nasa kuwa ko kallo bai samu ba. Washegari da safe aka shiga aiki. Maƙwabcin ya sauke ƙarfensa, bai yi taku ashirin ba akwatin ya cika maƙil da jar ƙasa. Tayoyi suka hau juyawa wuri ɗaya suna tona rami, gaban taraktar ya ɗaga sama, injin ya turnuƙe da baƙin hayaƙi ya mutu. Sau uku ana turawa, sau uku tana kafewa. Manomin kuwa ya kama hanyar daga bakin fadama, yana yanka kaɗan, yana ja, yana zubewa, yana dawowa, taraktar na tafiya da muryarta ɗaya. Kwana uku yana wannan, har ƙurar jar ƙasa ta rine masa gemu. Ran na huɗu motar farko ta shigo har gindin gonaki ba tare da direba ya sauko ya duba hanya ba, aka loda kwanduna ɗari da sittin, ko ɗaya bai ruɓe ba. Manomin ya tsaya gefe, hannuwa a baya, yana kallon motar tana fita sumul a kan aikinsa. Da dattawan gari suka zo yi masa barka, sai ya dafa murfin injin mai ɗumi ya yi murmushi, don ya san ba ƙarfi ya fi kowa ba, sanin abin hannunsa ya fi su.

Shi ya sa Hausawa suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.