Takardar Inshora a Shingen Neja

Mota ɗaya ce ta ƙetare shingen Lardin Neja ranar Talatar nan ta daminar 1953, cikin bakwai da suka ɗauko albasa daga Bodinga.

A ƙasar Sakkwato lasin kawai ake dubawa. A nan kuwa ɗan sanda ya ce sai an nuna takardar inshora. Uku ba su da ita. Ukun da ke da ita, ruwan hanya ya jiƙa ta, tawada ta narke.

Direba na bakwai ya zazzage aljihu, babu. Albasar manoma goma sha biyu ce a bayansa, kwana biyu a laima za ta ruɓe.

"Ranka ya daɗe, can gida ba a tambaya."

"Nan ba gidanku ba ne. Juya."

Direban ya kama sitiyari, sai idonsa ya faɗa kan sabuwar layar da ke lilo a gabansa. Ya tuna tsayawarsa a Shagari don yin sallama da mahaifiyarsa.

"Wagga takarda hwa?" ta tambaya.

"Inshora ta, Inna. Ita ka tsare mutum in an yi haɗari."

Kafin ya gama cin tuwo, ashe ta aika wa baduku da takardar, ya ɗinke ta cikin layar nan.

Ɗan sanda ya ara masa reza, ya farke layar. Takardar ta fito a bushe, hatimi raɗau. Aka ɗaga shinge.

Saura gadar Jebba. Ba wanda ya san takardar da za su nema can.