Ƙara Ɗaya

Tun da aka dawo da ɗansa daga asibiti, tela ya kasa komawa barci bayan asuba. Daidai lokacin da ɗansa ya saba fara atisaye, sai ya ji takun nan, dim, dim, kamar ana hawan matakalar bene da buhun yashi a kafaɗa.

Shi ya ɗinka buhun da hannunsa, don yaron ya riƙa hawan bene da shi, ya samu shiga soja. Shi ke tsayawa a ƙasa yana tafi: "Ƙara ɗaya." Babu ranar hutu. Ran da yaron ya ce, "Baba, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi," dariya ya yi. "Lalaci ne ke fita." Likita kuwa ya ce tsoka ce ta narke, ta lalata ƙoda.

Yau ya daure ya bi takun. Babu kowa a matakala. Daga ɗakin yaron sautin ke fitowa.

Yaron yana kwance, duk ya rame. Barci yake, amma dugadugansa na dukan ƙarfen gado, yana ta hawa.

Tela ya riƙe ƙafafun. "Ya isa, ɗana. Huta."

Ido a rufe, yaron ya ce, "Ban gaji ba, Baba. Wallahi ban gaji ba."