Jar Rigar Kawu

Kawu alƙali ne a Kotun Ƙoli, can Porto-Novo. Da ya zo hutu gidanmu a Madecali, ya taho da jar rigarsa ta shari'a don Kaka ta gani, aka rataye ta a igiya ta sha iska. Bayan azahar na shige cikinta na tsaya. Duniya duk ta koma ja, ƙanshin kafur ya cika mini hanci, kukan shanu ya yi nisa kamar daga hayin gulbi yake zuwa.

Sai na ji faɗan Inna. An kwance maruƙa sun tsotse nonon da za ta kai kasuwar Malanville, ga ta ta riƙe Buba ɗan maƙwabtanmu, tsumagiya a hannunta.

Kawu ya hango ƙafafuna a ƙarƙashin rigar. Ya ce, "Dakata, ga alƙaliya nan. Ke, wa yak kwance su?"

Na gani da idona tun kafin in shiga rigar. Yayana ne, mai goya ni zuwa gulbi. Na faɗi sunansa. Yaya, da ke tsaye a gefe, ya dube ni, ya kau da kai, na fashe da kuka.

Kawu bai fid da ni daga rigar ba. Ya ce a hankali, "Yi abinki. Ni ma cikinta nika yin nawa."

Kawu ya daɗe da rasuwa. Har yau ba na sa kafur a kayana.