Dagin Saman Ƙofa

Da tsohuwar ta ga ma'aikatan baladiyya, wato hukumar birni, sun rubuta lamba a bangon gidan, ba ta tambayi kowa ba. Haka aka yi wa gidajen bakin titi bara, kafin katafila ta zo ta baje su.

Tagogin katakon nan masu ado ba su dame ta ba, na masu gida ne. Abinta guda ne: dagin da ke saman ƙofa. Marigayi mijinta, magini, shi ya zana shi da yatsa a ɗanyar farar ƙasa, shekarar da suka gama aikin hajji suka kasa komawa. "Ga Kano nan na kawo miki," ya ce da ita.

Bayan azahar ta kife turmi ta hau, da wuƙar girki. A hankali ta ɓamɓare shi, yana marmashewa, tana tarewa a mayafi.

Da la'asar ɗanta ya shigo lungun da sauri.

"Ummi, albishirinki! Halas, magana ta ƙare, ba rushewa! An sa gidan cikin gidajen tarihi na tsohuwar unguwar Balad. Injiniyan ya ce zanen ƙofarmu ne ya tsayar da shi, bai ga irinsa ba duk Jidda. Gobe za su zo ɗaukar hoto."

Sai ya ɗaga kai, ya dubi saman ƙofar.

Ta kwance ƙullin mayafin, ta dubi garin da ke ciki. Sannan ta dubi yatsunsa, dogaye, sak na ubansa.

"Je ka kwaɓo farar ƙasa," ta ce.