Maginin da Ya Ɓoye Hannunsa

Sadisu, ka zo kana yi mini ƙorafi wai an sake tsallake ka a wurin aiki. An ɗauki wanda bai kai ka ba an ba shi babban reshe, kai kuwa an dafa kafaɗarka an ce, in ka tafi wa zai riƙe mana nan? Har kana maimaita mini maganar da ɗan murmushi, kamar yabo aka yi maka. Ni gwaggonka ban taɓa shiga aji ba, amma in na ga mutum ya ɗaure ƙafarsa da kansa ina ganewa. Gyara zama ka ji.

An yi wani magini a wani ƙauye, mai ginin ƙasa, wanda duk yankin babu mai hannunsa wajen rufin soro. Bango kowa na iya tayarwa: a cuɗa ƙasa, a mulmula tubali, a jera. Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne wajen ɗaurin baka, yadda ake kafa azara a jikin bango, a riƙa miƙo ta kaɗan-kaɗan daga kowane gefe, a ɗaure, a danne da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su ɗauki nauyin rufi. To shi wannan mutumin, duk ranar da aiki ya kawo nan, sai ya ce ruwa ya ƙare. Ya tura wannan rafi, ya tura wancan rijiya, na ukun ya aike shi kasuwa sayen igiya alhali igiya na cikin buhunsa. Sai ya hau shi kaɗai, yana nishi, yana aikin mutum uku, kafin su dawo ya ɗaure ya shafe da ƙasa. A ransa cewa yake, ranar da suka iya, ranar za su cinye mini abinci. Haka mutanensa suka yi furfura a ƙarƙashinsa, dugadugansu duk sun tsage da cuɗar ƙasa, ba wanda ya taɓa ganin yadda azara ke hawa kan 'yar'uwarta.

Wata shekara, bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ga manzo daga birni. Mutanen birnin suna gina babban masallaci, bango ya tashi, shugaban maginansu ya rasu. Suna neman wanda zai rufe musu kafin ruwa, kuma duk wanda ya rufe shi zai gaji kujerar mamacin. Sunansa aka fara ambata. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan. Sai dai a lokacin yana tsakiyar aikin wani bawan Allah da ya yarda da shi ya kware tsohon rufinsa, ya kwashe mata da 'ya'ya ya kai su zauren maƙwabta. In ya bar gidan nan a buɗe, ruwan farko zai narkar da shi. Manzo ya ce ba zai wuce ranar kasuwa ba. Magini ya kira babban cikin mutanensa ya hau da shi sama, ya shiga zuba masa ilimin shekara da shekaru a yini guda: riƙe nan, karkata can, ba haka ba, kai wane irin mutum ne! Suka ɗaura. Da gari ya waye bakan ya sunkuya kamar bayan tsohuwa. Suka kwance suka sake, da tsawa da zagi, ya kuma sunkuyawa. Mutumin ya sauko, ya karkaɗe hannunsa, ya ce, "Maigida, ni fa ɗiban ruwa na iya. Shi ka koya mini."

Ranar kasuwa manzo ya wuce ƙauyen gaba, wurin wani magini da hannunsa bai kai na wannan kyau ba, kowa ya san haka. Amma shi ya daɗe yana ɗora mutanensa a sama. Su ɗaura a karkace, ya sa su kwance. Su ɓata azara, ya cije. Masu gida su yi masa faɗan jinkiri, ya shanye, gobe ya sake ɗora su. A ranar ya rataya buhunsa ya bi manzo, ya bar mutanen da za su ƙarasa masa aikin da ke hannunsa. Gwanin kuwa ya hau shi kaɗai kamar kullum, ya rufe gidan nan, rufi mai kyau wanda ko ɗigo ba ya yi. A ƙauyen ya tsufa.

Saboda haka kada ka sake zuwar mini da maganar hassada ko rashin uwa a gindin murhu. Gobe in Allah ya kai mu, ka kira wanda ke bi maka, ka zaunar da shi inda kake zama, ka buɗe masa abin nan da kake rufewa in ya shigo. Zai ɓata. Za a kira ka a yi maka faɗa a kan laifinsa, ka tsaya ka ɗauka, jibi ka sake ba shi. Ba ranar da aka ce wa zai riƙe mana nan za ka fara neman amsa ba. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.